Zauren Anti: Maigida na sha, ƙani na sha, ta ina za a fara?

Assalamu alaikum jama'a. Wasiƙun wannan fitowar duk a kan giya suke, sun taru a wajena da yawa kuma kusan kowa da roƙon a ɓoye sunansa yake farawa, to na ɓoye har unguwanni na cire, wasu kuma na rage musu tsawo. Bismillah.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki ɓoye sunana. Shekararmu 11 da aure yaranmu huɗu, mijina ma'aikacin gwamnati ne kuma wlh mutumin kirki ne in yana cikin hayyacinsa, amma yau kusan shekara biyar kenan yana shan giya, da farko sai ƙarshen wata in albashi ya shigo, yanzu kuwa kusan kullum ne sai sha ɗaya sha biyun dare zai shigo yana tauna kanumfari wai kar in ji wari ni kuma ina ji. In ya kasa tashi da safe ni ce nake kiran abokin aikinsa in ce maleriya ce, kuɗin makarantar yara na zangon da ya wuce ɗan kunnena na gwal na sayar na biya, ko mahaifiyata ban faɗa wa ba balle danginsa. Na yi kuka na yi faɗa na yi yaji sau biyu, na fasa kwalaben da na gani a but ɗin mota, ya dafa Alƙur'ani ya rantse ya daina bai yi sati biyu ba ya koma. In na ce mu je asibiti sai ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Anti ya zan yi?
Matar aure, Kano

AMSA: Ƙanwata sannu, Allah ya dubi wahalarki. Bari in fara da rantsuwar nan don na san ita ta fi ƙona miki rai. Yawanci a lokacin da yake rantsuwar har zuciyarsa yake yi ba yaudararki yake ba, matsalar ita ce wanda ya shekara biyar yana sha kusan kullum jikinsa da ƙwaƙwalwarsa sun riga sun saba da giyar, ranar da babu ita barci ba ya zuwa, hannu na rawa, rai a jagule, sai ya ce bari in ɗan kurɓa na yau kawai, shikenan an koma. Likitoci cuta suke ɗaukarta mai suna da magani, kuma ba ƙarama ba ce, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ce a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kuma kimanin mutum miliyan 209 ta kama har sun kasa rabuwa da ita. Wannan bai wanke shi ba, haramun tana nan a haramun ɗinta, amma ki sani kuka da fasa kwalba ba sa warkar da ita, da suna yi da tuni matan da ke rubuto min sun huta.

Yanzu ga wanda ba za ki so ji ba. Kiran ofis ki ce maleriya, da sayar da ɗan kunne, na san rufin asiri kike yi da kyakkyawar niyya, amma ki duba ta ɓangarensa mana, ya sha ya kwana, ofis ba su tuhume shi ba, makaranta ba ta koro yara ba, danginsa na ganinsa da mutuncinsa, to me zai kai shi asibiti? Duk ɗacin abin ke kike shanye masa. Rufin asirin da addini ya ce a yi shi ne kar ki tallata shi a gidan biki ko a waya da ƙawaye, bai ce ki yi ƙarya a madadinsa ba, bai kuma hana ki faɗa wa likita ba, ranar wanka ai ba a ɓoyon cibi. Ki daina kiran nan, kuma ki sanar da shi tun da rana yana garau, ba da tsawa ba: "Baban yara, daga yau ba zan ƙara yin ƙarya a kan rashin zuwanka aiki ba, in ka makara kai za ka yi musu bayani." Takardar kuɗin makaranta in ta zo a hannunsa za ki sa. Zai yi fushi, zai ce kin canza, kar ki biye masa kuma kar ki janye, don in kika faɗa kika fasa sau ɗaya ya gane maganarki iska ce.

Ban da abin da ya shafi rai fa. Ya sha ba ya tuƙa ki ba ya tuƙa yara ko da gidan ne zai tsage, kuma in ya shigo a buge ya zube ki juya shi ya kwanta ta gefe kar ki bar shi rigingine, aman da zai yi cikin barci yana iya shaƙe shi. In kin tashe shi ya ƙi tashi sam ko numfashinsa na fita da ƙyar, wannan asibiti ne a daren.

Maganar asibitin kuma lokaci ake nema mata. Ba a yi da wanda yake a buge, gobe ba zai tuna ba sai dai ya tuna kin zage shi. Ki jira ranar da wani abu ya faru ya kwana da nadama, ya bugi mota ko an ba shi takardar gargaɗi a ofis ko babban ɗanku ya gan shi yana tangaɗi, ya yi wanka ya karya ya yi shiru yana kallon ƙasa, a nan za ki zauna kusa da shi. Kar ki ce masa mashayi, kar ki jero laifin shekara biyar. Abu ɗaya da kika gani da idonki za ki ɗauka: "Jiya da ka shigo yaron nan bai yi barci ba, ya tambaye ni ko ba ka da lafiya, na rasa abin da zan ce masa. Ina tsoron hantarka, ina tsoron aikin nan ya kuɓuce. Na tambayo ranar ganin likita, Talata ce, ni zan raka ka." Kin ji ƙarshen? Rana ce da wuri, don "to" ɗin mai shan giya ba ya daɗewa, in ya amsa yau kika ce bari in bincika asibitin da ya dace, kafin jibi ya sauya. Saboda haka binciken tun yanzu za ki yi shi, ki san ranar, ki san kuɗin kati, ki ware kuɗin mota.

Tunda kalmar mahaukaci ce ke tsorata shi, ba dole sai ta ƙofar likitan ƙwaƙwalwa za a shiga ba. A fara da likitan da ke duba kowa, a auna jini a duba hanta a yi maganar rashin barcin, amma kar ki yaudare shi, ki faɗa masa za ki ambaci giyar a gaban likita. Maza da yawa maganar da matansu suka shekara suna yi ba ta shige su ba, takardar gwajin hanta guda ɗaya ta shige su. Daga nan likitan ne zai tura shi sashen da ya dace. A Kano kuna da sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ke kaɗai ma kina iya zuwa tun bai yarda ba, ki nemi ganin likita ko jami'in walwala na sashen ki ce mijina ne yake sha ya ƙi zuwa, wannan maganar kullum suna jin ta, ba wanda zai zaro ido.

Sai dangi. Mutum ɗaya za ki zaɓa a cikin nasa, wanda yake jin nauyinsa kuma bakinsa na da murfi, yayansa ko kawu ko wani aminin ƙuruciya da ba ya sha. Taron dangi a zaunar da shi a tsakar falo kowa na tofa albarkacin bakinsa, ni dai ba na goyon baya, kunya ce zalla kuma mai sha in ya ji kunya wajen kwalba yake gudu. An ma gwada abin. Masana a Jami'ar Niyu Meksiko ta Amurka sun wallafa wani bincike a 1999, suka raba iyalan mashayan da suka ƙi zuwa magani gida uku. Waɗanda aka koya wa tsarin da ake kira CRAFT, wato irin wannan da nake faɗa miki na daina tare masa sakamako da iya zaɓen lokacin magana, 64 cikin 100 sun samu nasu ya shiga magani. Waɗanda aka shirya wa taron titsiye 30 cikin 100, da yawansu ma sun kasa yin taron da ranar ta zo. Waɗanda aka tura ƙungiyar iyalan mashaya su 13 ne cikin 100. Can Amurka ne ba Kano ba, na sani, amma halin ɗan Adam ai ba shi da nisa.

Rabin tsarin nan kuma wanda mata ke mantawa: daren da ya dawo da wuri bai sha ba ya ga bambanci. Ki saki fuska, a ci abinci tare, ki ce masa yau na ji daɗi. Na san zuciya za ta ce don ya yi abin da ya kamata sai na yi masa guɗa? Ki daure ki yi. Daren da ya sha kuma ki ajiye masa abincinsa ki ja yaranki ku shige ɗaki, ba faɗa ba hira. Mahaifiyarki kuwa ki faɗa mata, shekara biyar kina ɗauke da wannan ke kaɗai ya isa haka.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ƙanena ne shekararsa 27, ya gama difloma ba aiki, ya faɗa shan giyar goskolo da jin ɗin nan na leda tun safe yake farawa. Watan jiya Baba ya sa muka kulle shi a ɗaki muka ƙwace wayarsa da kuɗinsa don ya daina ta ƙarfi, kwana ɗaya ya fara karkarwa da gumi da amai, a dare na biyu ya faɗi yana jijjiga, da ya farfaɗo ya dinga ihu wai ga macizai a bango yana kiran sunan kakarmu da ta rasu, aka ce aljanu ne aka kira mai ruƙiyya, daga baya ya fasa taga ya gudu. Yanzu Baba ya ce gidan mari za a kai shi a ɗaure har sai ya shiryu. Ni hankalina bai kwanta ba, mene ne shawararki?
Yayansa, Jos

AMSA: Ƙanena ku gode wa Allah yaron nan yana raye, kuma ka karanta wa Baba wannan amsar cikin ladabi, don na san tsoro ne da ƙauna suka sa shi kulle ɗansa. Abin da kuka gani sananne ne a asibiti har jadawalinsa an sani. Giya danne ƙwaƙwalwa take yi, ƙwaƙwalwar wanda ke sha kullum kuma sai ta ƙara ƙaimi don ta iya aiki a ƙarƙashin dannewar, to ranar da aka janye giyar lokaci guda sai ta zabura ba mai riƙe ta. Karkarwa da gumi da tashin zuciya kan fara awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga irin ta farfaɗiya yawanci cikin awa 48 na farko, ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi da bugun zuciya kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu. Ka ga daidai da lissafinka. Wannan mataki na ƙarshen yana kisa in ba a kula ba, kuma a nan giya ta fi wasu ƙwayoyin haɗari, yanke ta farat ɗaya ga wanda ta kama sosai yana iya zama ajalinsa. Addu'a da ruƙiyya ba na hana kowa, a yi masa a gefen gadon asibiti, amma macizan nan janyewar giya ce ta kawo su.

Kar wani ya ce Anti ta ce a saya masa giya. Abin da na ce shi ne ranar da zai daina ta kasance a gaban likita. A can za a ba shi gado na kamar mako guda, a ba shi magani irin su diyazefam a ma'auni ana ragewa a hankali don a tare jijjigar, a yi masa allurar bitamin B1 saboda masu sha sosai ba sa cin abinci kuma rashinsa na lalata ƙwaƙwalwa har mutum ya daina riƙe sabon abu a kansa, a ƙara masa ruwa in da buƙata. Kuma dan Allah kar ku je kemis ku sayo diyazefam ku ce za ku yi a gida, haɗa shi da giya na tsayar da numfashi, shi kansa kuma kama mutum yake. In kun je ku faɗa wa likita ya taɓa jijjiga, wannan bayanin na da muhimmanci don wanda ya yi sau ɗaya ya fi kusa da sake yi, ku kuma faɗi duk abin da yake haɗawa da shi, taramadol ne, kodin ne, wiwi ce, kar ku rage komai don kunya.

Gidan mari kuwa a'a. Ka tuna wa Baba watan Satumbar 2019 da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, da yawa da mari a ƙafa da tabon duka a baya, kuma iyaye ne suka kai su da hannunsu suna biyan kuɗi, a watan da ya biyo baya aka sake samun irinsa a Daura. Ko ka cire azabar, wurin da ba likita ba nas, wa zai tare jijjigar dare na biyu? Duk cibiyar da za ku kai shi, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, ku tambaya ko akwai likita, ku ce a nuna muku inda zai kwana, ku tambayi ranar ziyara, in aka ce ba a ganinsa sai bayan wata shida ku juya. Kuna da sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos a kusa da ku. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da sashe na musamman na masu shaye-shaye, akwai irin wannan asibitin a Kware ta Sakkwato da kuma Maiduguri, ofisoshin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na jihohi ma suna da masu ba da shawara ba kame kaɗai suke yi ba.

Abu na ƙarshe kan goskolon, ba wanda ya san abin da ake zubawa a ciki. A 2015 a Ode-Irele ta jihar Ondo mutane suka dinga makancewa suna mutuwa, aka gano giyar ogogoro ce mai gubar metanol a ciki. In ya taɓa cewa yana gani dishi-dishi bayan ya sha, ga ciwon kai da amai, kar a jira gari ya waye.

TAMBAYA: Anti wata ta ce min akwai maganin da ake barbaɗa wa mutum a abinci bai sani ba, in ya sha giya ya yi ta amai har ya tsane ta. Gaskiya ne? A ina zan samu? Wana ne yake sha.
Ƙanwarki, Maraɗi

AMSA: Akwai wani magani mai suna disalfiram da ke sa wanda ya sha giya a kansa fuskarsa ta yi zafi, ya yi amai, zuciya ta yi ta dukan uku-uku, jini ya sauka. Likita ne ke ba da shi, bayan an duba hanta da zuciya, kuma da sanin mai shan da yardarsa, don amfaninsa duka shi ne mutum ya san yana jikinsa ya ji tsoron kurɓa. Ki zuba masa a miya bai sani ba ya je ya sha yadda ya saba, in yana da ciwon zuciya kina iya kashe wanki da hannunki. Garin da ake sayarwa a ƙulli kuwa ba ki san mene ne a ciki ba, hantar mai sha kuma dama a gajiye take. Ko ya tsira, ranar da ya gano ba zai ƙara cin abincin gidan ba, kuma ba zai ƙara yarda da ke ba a lokacin da ake buƙatar ya bi ki asibiti. Akwai wasu magungunan da ke rage sha'awar giyar, irin su naltirezon, shi ma ba a ba wanda ke shan taramadol ko kodin sai an tsara, shi ya sa komai ke komawa ga likita. Ki karanta amsar farko ta sama, da ke ma nake.

TAMBAYA: 'Yata Allah ya yi miki albarka, jikata ce ke rubuta min. Ɗana na uku mun kai shi asibiti bara ya yi wata biyu, ya fito ya yi ƙiba yana sallah a kan lokaci har wata bakwai, muka ce alhamdulillahi an rabu. Sai ga shi bikin abokinsa ya je ya dawo a buge. Mahaifinsa ya ce kuɗin da muka kashe sun tafi a banza, ya rantse in ya ƙara zai tsine masa ya kore shi daga gidan. Ni kuma uwa ce. Asibitin ne bai yi ba ko yaron ne ba zai shiryu ba?
Mahaifiya, Zariya

AMSA: Amin Mama, Allah ya ƙara girma. Kuɗinku ba su tafi a banza ba, wata bakwai ɗin nan da kuka gani da idonku su ne shaida, yaron ya nuna zai iya. Komawa bayan magani abu ne da likitoci ke sa rai da shi tun ranar sallama, cibiyar binciken shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani kan sake zamewa. Kamar hawan jini ne Mama, in ya sake hawa ba a cewa asibiti ya yi ƙarya, komawa ake a gyara magani. Tambayar da zan yi muku ita ce, bayan an sallame shi ya ci gaba da zuwa ranakun da aka rubuta masa a kati? Don mu a nan muke sakaci, da mun ga mutum ya yi ƙiba sai mu jefa katin a ƙasan akwati. Kwanciyar asibitin wanke jiki ce kawai, aikin gaske a watannin bayanta yake, ganin likita, zaman tattaunawa da masu ba da shawara, sauya abokai, da samun abin yi da zai fitar da shi da safe ya dawo a gajiye.

A mayar da shi asibitin a wannan makon, kar a jira ta zama ta kullum. Ku kuma sani wanda ya daɗe bai sha ba jikinsa ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka da, in ya sha adadin da ya saba yana iya yi masa mummunar illa. Ku zauna da shi ku tambaye shi a hankali me ya faru a bikin, wa ya miƙa masa, me yake ji a ransa kafin ya tafi, amsar nan ita likita zai yi aiki da ita. Wani lokacin ma akwai ciwon damuwa a ƙarƙashi wanda giyar ke rufewa, in ya taɓa furta cewa gara ya mutu ya huta ku faɗa wa likita a ranar.

Shi kuma Baba, ku samu wani malami ko amininsa ya tuna masa hadisin da ke cikin Buhari, na sahabin nan da ake yi wa laƙabi da Himar, mai ba Manzon Allah (SAW) dariya, an sha kawo shi kan giya ana yi masa bulala, wata rana wani ya ce Allah ya la'ance shi sau nawa ake kawo shi, Annabi (SAW) ya ce kada ku la'ance shi, wallahi abin da na sani yana son Allah da Manzonsa. Hukunci bai faɗi ba, amma an hana tsinuwa. Baba na da damar kafa sharaɗi a gidansa, ba a shigo da ita, ba a ba shi kuɗi a hannu sai dai a saya masa abin da yake buƙata, zuwa asibiti dole. Wannan daban da baki. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, in an kore shi kuma waɗanda za su ba shi wajen kwana su ne masu miƙa masa kwalbar.

TAMBAYA: Anti nawa mijin in ya sha dukana yake, satin da ya wuce ya shaƙe ni har na ga duhu a gaban yara, da safe ya yi kuka ya ce giya ce. Ina da ciki wata biyar. Iyayena sun ce in yi haƙuri in yi ta addu'a zai daina. In zauna in taimaka masa ya je asibiti?
A ɓoye sunana, Kaduna

AMSA: A'a ƙanwata, duk shawarar da na ba matar farko ba taki ba ce, kar ki gwada ce masa kin daina wannan kin daina wancan ke kaɗai a ɗaki da shi. Namijin da ya kai ga shaƙe wuya ya wuce mari, masu nazarin kisan da ke faruwa tsakanin ma'aurata suna ɗaukar shaƙa a matsayin babbar alamar haɗari, ga ki da ciki. Ki je asibiti gobe a duba wuyanki da cikin, ki faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru a rubuta. Daga nan ki wuce gida da yaranki lokacin da ba ya nan, ki nuna wa Baba wuyanki, iyaye da yawa da ke cewa a yi haƙuri ba a faɗa musu shaƙa ba ce, an ce musu "mun ɗan samu saɓani". In sun ƙi ji ki nemi kawu ko goggo mai faɗa a ji. Maganar asibitinsa danginsa ne za su ɗauka, kina gidanku ma ana iya yi, kuma sharaɗin komawarki in ma za ki koma shi ne ya shiga magani ya daɗe a kai an gani, kukan safiya ba ya cikin lissafi. Giya na kwance wa mutum birki amma mashaya da yawa ba su taɓa ɗaga wa matansu hannu ba, saboda haka ko ya daina sha sai an duba maganar dukan daban. Kotun shari'a na raba aure saboda cutarwa in ta tabbata, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA kuma na taimaka wa mata a irin wannan. Takardar asibitin da hoton wuyanki ki ba wata 'yar'uwarki ta ajiye miki, kar ki bar su a ɗakinki ko a wayar da yake dubawa.